Ƙaron Malam a Ƙasar Sin

Abu na farko da ƙasar Sin ta karɓe mini daddawa ce. A filin jirgi wata mata mai farar safar hannu ta buɗe jakata, ta shinshina, ta kawar da kai, ta jefa ƙullin a bokiti. Kilishi ya bi baya. Kuka ta daɗe tana juya ta, ita ma ta tafi. Sai ta ɗago wata leda mai 'yan dunƙule jajaye-jajaye, ta haska a fitila, ta tambaye ni ko alewa ce. Na ce e. Ta mayar mini.

Ƙaro ne. Kakana ne ya ba ni, wanda kowa ke ce wa Malam. Ni ɗan Kurna ne, a birni aka haife ni, ƙauye sai da salla. Amma babana ya ce ba inda zan je sai na yi wa iyayensa sallama, can gaba da Tsanyawa, inda gona take farawa daga jikin katangar gida. Malam noma yake da koyar da karatun allo. Ya ce in tafi da ƙaron in riƙa haɗa tawada, kar hannuna ya manta rubutu. Na karɓa don kar ya ji ba daɗi. Ko alƙalami ban ɗauka ba.

Daga nan sai jirgin ƙasa zuwa wani gari a arewa, ba zan faɗi sunansa ba. Wanda aka ce zai tarbe ni bai zo ba. Na zauna a kan jakata a tasha tun hantsi har la'asar, mutane na wucewa, wasu na ɗaukata hoto. Ban ji haushi ba. Ban ji komai ba ma, yunwa kawai.

A gida ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata jami'a, su suka sake ni in zo in ƙaro karatu. A takarda an rubuta zan yi bincike a kan batirin litiyam, irin na waya da na mota. Da na isa lab ɗin, wato ɗakin gwaje-gwaje, aka nuna mini wurin wanke kwalabe. Wata huɗu ina nan. Wanda aka ɗora a kaina wani ɗalibi ne da ya riga ni da shekara uku, sunansa Liu. Ba mugu ba ne irin mai tsawa. Zai dire maka kwalabe ashirin ya ce na gode, ya juya. Farfesan da ke shugabantar lab ɗin kuwa idan muka haɗu a baranda sai ya gyaɗa kai kamar yadda ake yi wa mai gadi.

Bari in yi bayanin aikin a gajarce, don ba zai yiwu a gane abin da ya same ni ba sai da shi. A cikin batiri akwai wani fallen jan ƙarfe, siriri kamar takardar kwalin sigari. Ana shafa masa wani baƙin kwaɓi, ya bushe. Garin da ke cikin kwaɓin shi yake riƙe caji. Amma gari ba ya zama a kan ƙarfe shi kaɗai, sai da gam. Wannan gam ɗin suke kira bainda. Shi ne aikin lab ɗinmu gaba ɗaya. Matsalar ita ce sabon garin da kowa ke so, silikon, yana riƙe caji sosai amma yana kumbura idan ya sha caji, ya motse idan ya sauke. Yau kumburi gobe motsewa, sai shafen ya tsage ya ɓanɓare, batiri ya mutu. Gam ɗin da aka saba da shi ba ya iya riƙe shi, kuma da wani ruwa mai guba ake narka shi. Ni nake wanke kwalaben ruwan. Fatar yatsuna ta yi ta saɓulewa har wayata ta daina gane yatsana.

Sanyi ya shigo. Ba zan tsaya bayaninsa ba, wanda bai gani ba ba zai gane ba. Rayuwata ta zama ɗaki, lab, sai shagon taliyar wani dattijo Musulmi mai suna Ma, a bayan makaranta. Daga sallama ba mu da wata kalma da muka haɗa. Ranar farko ya ga ina laluben alƙibla a waya, ya ja hannun rigata ya kai ni bayan buhunan fulawa, ya shimfiɗa mini kwali. Tun daga ranar a nan nake azahar.

Ranar da aka fara bari na haɗa kwaɓi da hannuna, na tsaya ina kallon yadda injin ke juya shi. Baƙin gari, ruwa, gam. Sai na ga ai zuge ne. Haka Malam yake yi a zaure, ya goge gawayi, ya jiƙa ƙaro, ya gauraya, ya ɗiga a farce ya ga ko ya kama. Na faɗa wa Liu. Ya yi dariya, ya ce ai an daɗe da gwada ƙaro, akwai shi ma a kabad, yana ɗan yi amma ba ya zuwa ko'ina.

Ban taɓa na kabad ɗin ba. Na koma ɗaki na zazzage jaka, na samo ledar Malam a cikin takalmin da ban taɓa sawa ba. Na daka, na narka a ruwa, na tace, na haɗa ƙananan batira irin na agogo guda shida, na saƙala su a layin ƙarshe na injin gwaji, inda ba mai dubawa.

Sati uku na sauran suna ta faɗuwa, nawa suna tsaye. Sati shida suna nan. Liu ne ya fara lura, ya kira Farfesa. Farfesa ya daɗe a gaban kwamfuta, sannan ya juyo.

“Yaya ma sunanka?”

“Nura.”

“Nula,” in ji shi. Wata bakwai ke nan da zuwana.

Aka cire ni daga wanke-wanke, aka ba ni tebur. Aka fara rubuta takardar da za a buga. Da na ga daftarin, sunan Liu ne a farko, nawa na huɗu. Na duba, na rufe, na tafi cin taliya.

Sai ƙaron ya ƙare. Leda ɗaya ce dama.

Aka ɗauko na kabad, fari tas, an nika shi kamar madarar gari. Na bi duk yadda na yi, ban canza komai ba. Kwana goma batiran suka zube. Aka yi odar wani daga wani kamfani, haka. Liu ya gwada da kansa, haka. Wata ɗaliba ta gwada, haka. Da safe na buɗe daftarin na ga sunan Liu ya ɓace, nawa ya dawo na farko, ni kaɗai da Farfesa.

Farfesa ya kira ni ofis, ya zuba mini shayi, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce Liu ya shaida masa bai ga lokacin da na haɗa batiran farko ba. Ya ce shi bai ce na yi ƙarya ba, amma sakamakon da ba ya maimaituwa suna ɗaya gare shi a wurinsu. Kwamiti zai zauna ƙarshen zango. In na maimaita, shi ke nan. In ban maimaita ba za a kore ni, kuma za a rubuta wa jami'ar da ta turo ni cewa ƙirƙirar sakamako na yi. Ka san abin da wannan yake nufi. Ba karatun kaɗai ba, har aikin gida ya tafi, kuma duk inda ka nufa takardar tana gabanka.

Na shanye shayin. Na ce to.

Kiran ƙauyenmu aiki ne. Malam ba shi da waya, sai ta Kawu Sale, ƙanen babana, kuma sabis sai an fita bayan gida wajen rumbuna an tsaya kusa da tsamiya. In suna hantsi mu muna la'asar. Kawu ya ce Malam ba ya jin daɗi tun farkon damina, ƙafa ta kumbura, amma zai fito da shi a kan kujera.

“Wa nake ji? Ɗan ƙwacen matan mutane?” in ji Malam. Haka yake ce mini tun ina yaro, wai ina neman raba shi da Iya, kakata.

“Ni ne, Malam. Ya jiki?”

“Jiki ya tsufa, saura ka zo ka kwashi matar. An ce batiri kuke ƙerawa. To me ya sa na wayar Sale ba ya kai azahar? Kullum yana hanyar mai caji.”

“Ana kan gyarawa. Malam, ƙaron nan da ka ba ni, na ina ne?”

“Au, ka fara rubutun?”

“Na fara.”

“Madalla. Na dakwarar nan ne ta kan iyakar gonarmu da ta su Audu. Ubana ma a nan yake ɗiba.”

Kawu ya ce akwai ragowar wanda ya ɓanɓaro da rani a jikin bishiyar. Ya ɗaure, ya hau bas zuwa Dawanau, ya ba wani Alhaji mai fataucin riɗi da ke shigowa Sin. Sati biyu da kwana uku kafin ya iso hannuna. Na buɗe na ga fari-fari ne, garai-garai, ana hango yatsa ta cikinsa. Ban kawo komai a raina ba. Bishiya ɗaya ce ai. Na haɗa batira goma sha biyu.

Duk suka zube.

Na sake kira. Ranar an yi ruwa da asuba a can, ina jin kaji, ina jin wani yana kora shanun huɗa. Muryar Malam ta yi ƙasa, sai na toshe ɗaya kunnen.

“Gero ya fara fitar da kai,” ya ce. “Na bana ya yi kyau. Da kana nan da ka ci tumu.”

“Malam, ƙaron da Kawu ya aiko bai yi ba. Wancan na farkon, ka zuba masa wani abu? Kanwa, ko toka, ko wani sassaƙe?”

“Me zan zuba wa ƙaro? Ƙaro ai ƙaro ne.”

“Ka tuna dai. A wane wata aka ɗebo? Da safe ko da yamma?”

“Kai Nura, tsaya. Akwai maganar da nake so mu yi da kai, tun da Allah ya sa yau sabis ɗin ya zauna.”

“To Malam, za mu yi. Amma ka fara tuna mini wannan, don Allah. Ka wanke shi? Ka shanya?”

Na ji numfashinsa.

“Ban yi masa komai ba,” ya ce. “Ina cewa a ba ni, a ba ni.”

Ban tsaya a kan maganar ba. Na ce zan sake kira jibi, injin gwaji na jirana. Na kashe.

Jibi ban kira ba. Kwana huɗu bayan nan na fito daga ɗakin da ba a shiga da waya, na tarar da kira tara da saƙon babana. Malam ya rasu bayan asuba. Kafin in gani har an dawo daga maƙabarta.

Na karanta sau biyu. Na sa wayar a aljihu. Akwai garin da na bari a kan sikeli, na koma na ƙarasa aunawa, na rubuta nauyin a littafi. Rubutun ya fita daidai. Na yi ta jira in ji wani abu ya taso mini, bai taso ba.

Da na je shagon Ma na zauna ban yi oda ba. Ya dube ni, ya miƙo wayarsa mai fassara. Na rubuta kakana ya rasu. Ya karanta, ya kwance ƙyallen aikin da yake ɗaurawa a gaba, ya juya allon ƙofa alamar an rufe, alhali akwai mutum biyu a waje suna jira. Ya zauna kusa da ni ya ɗaga hannu. Fatiharsa da wata irin murya take fita, amma Fatiha ce. Muka shafa. Ya kawo mini romo, ya tsaya a kaina sai da na shanye.

Saura sati biyar kwamiti ya zauna. Na daina gwada komai. Ina zuwa lab in zauna a tebur in tashi. Na fara duba yadda zan tattara kayana.

Sai ranar bakwai na iya kiran Iya in yi mata gaisuwa. Tana takaba, ba ta fita, Kawu ya yi ta yawo da wayar a tsakar gida har aka samu sabis a ƙofar ɗakin girki.

“Mijina,” ta ce. “Sai yau? Abokin takararka ya tafi ya bar maka fili, kai kuma ka tsaya a ƙasar masu cin abinci da tsinke.”

“Iya, ya haƙuri?”

“Haƙuri sai ma'aiki. Ka ci abinci?”

“Na ci.”

“Ba ka ci ba, ga muryarka nan kamar ta ɗan akuya.”

Ta ba ni labarin mutanen da suka zo, na Bagwai, na Kano, waɗanda suka kwana. Ta ce an raba allunan Malam da littattafansa. Ta ce jiya ta sa an sauko mata da ƙwaryar ƙaronsa daga ragaya, ta rasa wanda za ta ba, don masu rubutun yanzu tawadar kwalba suke saya.

“Daga ina aka sauko da ita?”

“Ragaya mana. Ta saman murhu.”

“A saman murhu ƙaron Malam yake zama?”

“To a ina zai zauna? In ka bar shi a zaure damina ta narkar da shi, kiyashi su ƙarasa. Tun ina amarya nake rataye shi a nan. Sabo in zuba ta sama, in ya ce a ba shi in ɗebo masa na ƙasa, wanda ya shekara biyu ko uku yana shan wuta, ya yi ja. Shi ne yake kama allo. Sabo ai ruwa ne, ka rubuta ka shafa hannu ya goge.”

Na zauna a kan matakalar da nake tsaye.

“Wanda aka ba ni fa?”

“Ni na ƙulla maka da hannuna. Na can ƙasa, mai kyan. Wa zan ba in ban ba mijina ba?”

“Iya, wata biyu ina tambayar abin nan.”

“Wa ka tambaya? Ina jin ku ai, kai da Sale da Malam, kuna ta bishiya kaza, wata kaza. Malam ya san rubutu, bai san inda ƙaronsa yake kwana ba. Ko cokali bai san inda yake ba a gidan nan. Ina zaune a nan ba wanda ya ce Iya zo.”

Ba lokacin da za a aiko da na ƙwaryar ya iso a gwada. Kuma ko ya iso, kwamiti ba ƙwarya yake so ba, hanya yake so wadda kowa zai bi ya samu. Na raba ragowar ƙaron Kawu kashi biyar, na zuba a oban ɗin lab, kowanne da zafinsa da kwanakinsa. Ba ni da abin aunawa sai launi. Ina buɗewa ina duba ko ya kai jan da na tuna. Biyu suka ƙone. Ɗaya bai canza ba. Biyu suka yi ja. Liu ya wuce ya ga ina leƙen oban, ya tambaya ko burodi nake gasawa. Na ce e.

Wannan karon ban haɗa ko ɗaya ni kaɗai ba. Na roƙi ɗalibar nan ta haɗa rabi da hannunta, ta sa hannu a littafi. Ta yarda ba tare da ta tambayi dalili ba. Muka saƙala su a layin gaba.

Ranar kwamiti batiran suna da kwana goma sha tara a kan inji. Na jan ƙaron ba su kai na Iya ba, amma suna tsaye, na farin kuma sun daɗe da zubewa. Mutum uku ne a teburin. Suka duba, suka yi magana da yarensu, ɗaya ya tambaye ni yadda aka yi na yi tunanin gasawa. Na ce a gidanmu a saman wuta ake ajiye shi. Ya ce a takarda a rubuta zafin da awannin kawai. Ba a fi minti ashirin ba aka sallame ni. Babu kora, babu wasiƙa. Da yamma na buɗe daftarin, sunan Liu ya dawo, na biyu.

Na fita na tsaya a bakin titi. Na ɗauka zan ji daɗi. Na ji dai kamar na sauke buhu, wuyan bai daina ciwo ba.

Na kira Kawu na ce a kai wa Iya. Na faɗa mata an wanke ni, ba za a kore ni ba.

“Dama korarka za a yi?”

“E.”

“A kan ƙaro?”

“A kan ƙaro.”

“Ikon Allah. To alhamdu lillahi.” Ina jin ana daka a maƙwabta. “Nura, in tambaye ka. Ranar nan da aka fitar da Malam wajen tsamiya, tun da safe yake cewa akwai maganar da zai faɗa maka, kai kaɗai. Da aka dawo da shi na tambaye shi, ya juya fuska bango. Sale ya ce shi ya matsa gefe, bai ji ba. Me ya ce maka?”

Motoci na wucewa. Na canza wayar zuwa ɗaya kunnen.

“Cewa ya yi in kula da ke. Ya ce in riƙa gaishe ki.”

Ta yi wata 'yar dariya, gajeriya.

“Ƙarya kake, mijina. Shekara hamsin da wani abu, mutumin nan bai taɓa aiko mini da gaisuwa ba.”

Ina jin tabaryar maƙwabta tana sauka.

“Je ka ci abinci,” ta ce. “Sale, zo karɓi abarka.”